Keken Caji: Mu Daina Cinikin Biri a Sama

 

Duk wanda ya tsaya a bakin Masallacin Sultan Bello da ke nan Unguwar Sarki ranar Juma'a bayan an sallame, zai lura da wani abu da ba a saba gani ba a 'yan shekarun baya. A tsakiyar hayaniyar motoci da babura da Keke Napep, akwai wasu ababen hawa da ke sulalewa shiru, babu hayaƙi, babu ƙarar salansa, sai dai kawai ka ga mutum ya gifta ka kamar iska ke tura shi. Wasu na ce musu keken caji, wasu mashin mai caji. Malaman makaranta sun rungume su, haka ƙananan ma'aikata da ɗalibai da masu kai saƙo. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Mai ƙaramin albashi da ke zirga-zirga kullum daga nan zuwa Kawo ko zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, dole ya nemi mafita.

Muna maraba da wannan mafita. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke sayen abin, domin mun ga abin da ya faru da wani maƙwabcinmu, kuma mun san ba shi kaɗai ba ne.

Malamin firamare ne. Ya yi kusan shekara yana zubin adashi, da ya kwashe ya haɗa da ɗan abin da maiɗakinsa ta ranta masa, ya nufi wani shago ya sayo keken caji sabo fil a leda. Ja ne, yana ƙyalli, a gefensa an manna wani suna mai kama da na Turawa, ga 'yar tutar Jamus, ga kuma rubutu ɓaro-ɓaro: 1500W. Mai shago ya nuna masa lambar da yatsa ya ce wannan ko buhun siminti ya ɗora masa ba zai ji ba. Wata huɗu aka yi ana jin daɗi. Ranar wata Asabar cikin zafin Afrilu, ya ɗauko ɗansa da rabin buhun masara, suna cikin hawa gadar Kawo sai ya ji ƙauri, keken ya yi wata 'yar jijjiga ya tsaya cak. Da ya koma shago aka ce masa garanti bai shafi abin da wuta ta ƙona ba. Ya ɗauko rasit, ashe abin da ke rubuce a kai shi ne "keken caji guda 1" da kuɗi da kwanan wata. Shike nan.

Mu muka raka shi Tsohuwar Panteka wajen wani dattijo mai gyaran kayan wuta. Ya kwance tayar baya, ya goge laka da tsumma, ya ɗaga wa rana yana ƙanƙance ido, sannan ya dubi maƙwabcin namu.

"Malam, wa ya ce maka wannan dubu ɗaya da ɗari biyar ne?"

"Baba, ai ga shi nan a rubuce a jiki."

"Wancan mai sitika ne ya rubuta. Zo ka ga abin da mai inji ya rubuta."

A jikin ƙarfen, da ƙananan haruffa da aka buga, an sa 48V350W. Babu sunan kamfani ko ɗaya. Da ya buɗe murfin ya kankare wata waya da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Alminiyon ne aka yi wa rufin jan ƙarfe.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wanda ya sayi keken caji bai san sunan injin da ke cikin tayarsa ba, bai kuma sa an rubuta masa shi a rasit ba, cinikin biri a sama ya yi. Kuma laifin ba na mai shago ba ne shi kaɗai. Mu ma masu saye mun ɗauko al'adar wani zamani mun kawo ta inda ba ta aiki.

A zamanin iyayenmu, mutum zai sayi keken Raleigh, wanda suke kira Rali, ya duba tambarin zalɓen nan da ke gaban keken, hankalinsa ya kwanta. Sunan kamfanin Nottingham na Ingila yana tsaya wa keken gaba ɗaya, tun daga kan sirdi har zuwa feda. Haka aka yi da Phoenix na Shanghai da ya biyo baya. Keken caji ba haka ake haɗa shi ba. Wani kamfani ke yin gangar jiki, wani ya yi batir, wani ya yi akwatin sarrafa wuta da makanikai ke kira kwanturola, wani kuma daban ya yi injin. Masana'antar da ke harhaɗawa a ƙasar Sin za ta buga wa ɗan kasuwa duk sunan da ya ga dama a jiki, muddin ya yi odar da yawa. Wannan ba haramtaccen abu ba ne, haka sana'ar take a duniya. Amma ma'anarsa ita ce sunan da ke gefen keken bai gaya mana komai game da abin da ke juya tayar ba. Kekuna biyu masu suna ɗaya da fenti ɗaya suna iya zuwa da inji daban-daban, idan kwantenar da ta kawo su ba ɗaya ba ce.

To mene ne ma wannan injin? Shi ne wannan ƙullin ƙarfe mai kama da faranti biyu a kife da ke tsakiyar taya, galibi ta baya. Dabarar tsohuwa ce. Tun ranar 31 ga Disambar 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton Jr. ya sami rajistar mallakar fasahar keke mai batir da inji a cikin tayar baya. Abin da ke cikin na yanzu bai wuce abu huɗu ba. Akwai naɗin waya, wato kwayil, da aka nannaɗe a kan ƙarfe. Akwai jerin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, da aka manna kewaye da shi. Akwai boris da ke ba taya damar juyawa sumul. Sai wasu ƙananan na'urori guda uku da ke sanar da kwanturola inda maganaɗisun ya kai, don ta san wayar da za ta tura wa wuta. Idan wuta ta bi kwayil, sai ya ja maganaɗisun, taya ta juya. Shi ya sa idan aka duba igiyar da ta fito daga sandar tsakiya, za a tarar da wayoyi uku masu kauri da ke ɗaukar wuta, da wasu sirara, galibi guda biyar, na waɗancan ƙananan na'urori.

Injin iri biyu ne, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya gane. Akwai mai giya a ciki. Shi ƙarami ne, bai cika wuce kilo 2 zuwa 4 ba, yana da ƙananan haƙoran giya guda uku waɗanda galibi da roba mai tauri ake yin su. Yana da kyau wajen tashi da hawa tudu, kuma idan caji ya ƙare ana iya tuƙa keken da ƙafa ba tare da wahala ba. Rauninsa shi ne haƙoran nan suna cinyewa, musamman idan ana labta masa kaya. Na biyun ba shi da giya kwata-kwata. Ya fi faɗi, ya fi nauyi, ba shi da ƙara, kuma da yake babu haƙoran da za su cinye yakan daɗe. Shi aka fi samu a kekunan nan masu ƙananan taya da suka yi kama da babur. Gane su ba wuya. A kashe keken, a ɗaga tayar, a juya ta da hannu. Mai giya zai tafi sakayau idan an juya shi gaba, ya ɗan cije tare da wata 'yar ƙara idan an juya shi baya. Marar giya kuwa cijewarsa ɗaya ce gaba da baya. Mai shagon da ya kasa gaya mana wane iri yake sayarwa, mun riga mun san iyakar saninsa game da hajarsa.

Sai maganar suna. Sunan injin na gaskiya a jikin ƙarfen injin yake, an buga shi ko an zana shi da na'ura, a kan murfin gefe ko a tsakanin layukan da wayoyin taya ke kamawa. Abin da aka manna da gam ba shaida ba ne. Akwai kamfanonin da duniya ta sani da wannan sana'a. Bafang na birnin Suzhou, wanda aka kafa a 2003, yana cikin waɗanda suka fi shahara, kuma tsofaffin injinansa na ɗauke da sunan 8Fun. Akwai Shengyi shi ma a Suzhou, akwai MXUS a Changzhou, akwai QS Motor a Taizhou wanda ya yi suna wajen manyan injina na babura. Irin waɗannan kamfanoni suna sa lambar samfuri mai ma'ana. Misali, a injin Bafang za a iya ganin RM G060.750. RM na nufin injin tayar baya, da na gaba ne da FM za a gani, G na nufin mai giya ne, 750 kuma ƙarfinsa ne. Duk mai waya a hannu zai iya rubuta wannan lamba a intanet yana tsaye a cikin shagon, ya ga hoton injin da nauyinsa da girmansa a shafin kamfanin, ya gwada da abin da ke gabansa. Minti biyar ya isa. Manyan masu haɗa kekuna irin su Yadea da Aima da TAILG su ma sukan sa tambarinsu da lamba a jikin injin kansa. Idan an ce mana keken na ɗayansu ne amma ƙarfen injin fayau yake, akwai abin tambaya.

Yanzu mu zo kan lambar da ta yaudari maƙwabcinmu. Harafin W yana nufin wat, ma'aunin ƙarfin aiki. Inji yana da lamba biyu: ƙarfin da zai iya riƙewa yana aiki na dogon lokaci ba tare da ya yi zafi fiye da kima ba, da kuma ƙarfin da zai iya kaiwa na 'yan daƙiƙu lokacin tashi. Masu talla na biyun suke so, wasu ma ƙirƙirar tasu suke yi. Amma akwai lissafin ɗan firamare da ke tona asiri. A jikin kwanturola akwai takarda mai lamba biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da harafin A. A ninka su. Idan an rubuta 48V da 15A, sakamakon 720 ne, kuma kusan wannan shi ne iyakar wutar da za ta isa ga injin, ko da an rubuta dubu biyar a gefen keken. Kwanturolar maƙwabcinmu ke nan. Ko rabin abin da sitika ta yi alkawari ba ta kai ba, kuma duk da haka ta ninka abin da injin nasa zai iya jurewa na tsawon lokaci.

Yana da kyau mu san cewa a ƙasar Sin kanta, inda ake ƙera yawancin waɗannan kekuna, ƙa'idar da ta fara aiki ranar 15 ga Afrilun 2019 ta taƙaita abin da za a kira keken lantarki ga inji mai wat 400, da gudun kilomita 25 a awa, da batirin da bai wuce 48V ba. Abin da ya haura haka babur ne a wurinsu. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar wat 250 ce. Saboda haka idan muka ga ɗan ƙaramin keke mai feda, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya tsallake kwata da shi, an rubuta masa 1500W ko 2000W, bai kamata mu yi murna ba tukuna. Kuma wat 350 na gaskiya ba abin raini ba ne. Ya ishi mutum ɗaya zuwa aiki da dawowa a kan titin Ali Akilu ko na Isa Kaita. Da an gaya wa malamin nan gaskiya, da ya san iyakar abin hawansa, da bai haɗa yaro da masara da gada a rana ɗaya ba. Ƙaryar ce ta ƙona injin kafin zafin Afrilu ya ƙarasa shi.

Akwai kuma abubuwan da ido ba ya gani daga waje, kuma a nan ne ake rage tsada. Na farko waya. Alminiyon yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. Inda wuta ta sami cijewa kuwa, zafi take zama. Kuma zafin ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Wannan ne ke faruwa lokacin hawa tudu da kaya, inda taya ke juyawa a hankali alhali inji na zuƙar wuta da yawa. Na biyu maganaɗisu. Ana yin sa da wani ma'adini mai suna niyodimiyom, kuma daraja-daraja ne. Na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya kai kusan digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, masu daraja kuwa suna jure 120 har 150. Ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa kekensa ya daina ja kamar da, kuma caji ba ya daɗewa, ya je ya canza batir da kuɗi mai yawa, alhali ciwon na cikin taya. Na uku ruwa da ƙura. Mu a Kaduna mun san ruwan Agusta, mun san ƙurar hunturu. Injin kirki yana zuwa da lambar kariya mai farawa da IP. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 yana jure fantsamar ruwa, IP65 yana jure feshi, amma babu ɗayansu da aka yi don a tsunduma shi cikin ruwan da ya taru a kan titi.

Tunda ba za mu iya buɗe inji a shago ba, ga abin da za mu iya yi kafin mu miƙa kuɗi. Mu tafi da wanda ya san aikin wuta, ko da za mu biya shi kuɗin shayi. Mu nemi suna da lamba a jikin ƙarfe, mu ɗauki hotonsu. Mu karanta takardar kwanturola mu yi lissafin. Mu riƙe tayar mu girgiza ta gefe da gefe, idan tana wasa ko tana gurnani lokacin juyawa, boris ɗin ba shi da kyau tun yana sabo. Mu duba inda igiyar wuta ta fito daga sandar tsakiya, ko akwai robar da ta toshe wurin, ko kuwa rami ne a buɗe yana jiran damina. Mu taɓa kaurin wayoyin nan uku, domin injin da ake cewa mai ƙarfi ne ba zai zo da waya kamar ta cajar wayar hannu ba. Makaniki na iya cire igiyar injin daga kwanturola, ya haɗa bakin biyu daga cikin wayoyi ukun, ya juya taya. Lafiyayyen inji zai cije sosai, kuma cijewar za ta zama iri ɗaya ko waɗanne biyu aka haɗa. Idan mai giya ne, baya ake juya shi. Daga ƙarshe mu hau, mu nemi ɗan tudu, mu dawo mu ɗora tafin hannu a jikin injin. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan tafiyar minti goma ta sa hannu ba ya iya zama a kai, to a bar musu kayansu.

Abu mafi muhimmanci kuma shi ne takarda. A rubuta a rasit sunan kamfanin injin, da lambarsa, da ƙarfinsa, da irin batirin da girmansa, da tsawon garanti, da abin da garantin ya ƙunsa. Idan injin ba shi da suna, a rubuta cewa ba shi da suna. Ɗan kasuwar da ya yarda da hajarsa ba zai ji nauyin rubuta layi uku ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wani zai ce, talakan da ya yi shekara yana adashi ina ya ga kuɗin inji mai suna? Gaskiya ne. Ba mu ce kowa sai ya sayi Bafang ba. Akwai injina marasa suna da ke aiki shekara da shekaru lafiya lau. Abin da muke cewa shi ne a sayar da marar suna a matsayin marar suna, da farashinsa, da ƙarfinsa na gaskiya. Talaka ne ma ya fi kowa buƙatar wannan, domin mai hali idan inji ya ƙone zai sayi wani, shi kuwa malamin firamare komawa zai yi tafiyar ƙasa yana biyan bashin abin da ke jingine a zaure.

Wani kuma zai ce, ai sunan ma ana yin jabunsa, wanda ya iya buga sitika zai iya zana ƙarfe. Wannan ma haka ne. Shi ya sa ba mu tsaya kan suna kaɗai ba. Mai jabu zai iya kwaikwayon haruffa, amma da wuya ya daidaita suna da lamba da nauyi da girma da kaurin waya gaba ɗaya, don idan ya yi hakan ribar da yake nema ta tafi. Kowace tambaya da muka ƙara tana rage masa wurin ɓuya.

Akwai kuma masu cewa wannan aikin hukuma ne. Lallai akwai Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, mai tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, akwai kuma hukumar FCCPC da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, wadda ta ba mai saye haƙƙin samun bayani a fili game da abin da yake saya. Muna kira gare su da su waiwayi wannan kasuwa tun tana jaririya. Amma ko ƙorafi mutum zai kai, da me zai kai shi? Rasit ɗin da ke cewa "keken caji guda 1" ba ya tabbatar da cewa an yi masa alkawarin komai. Hukuma ma da takardar da muka karɓa za ta yi aiki.

Ya kamata mu yi wa 'yan kasuwarmu adalci. Da yawansu ba da gangan suke yi ba. Wani daga Legas ko Kano ya saro, wani a hoto ya zaɓa aka turo masa, abin da aka gaya masa shi yake maimaitawa. Bai taɓa ganin cikin injin ba, kamar yadda mu ma ba mu taɓa gani ba. Amma ranar da mutum goma suka shigo shagonsa a jere kowa na tambayar sunan inji, shi ma zai ɗaga waya ya tambayi wanda ya saro wa, wancan ma ya tambayi na gaba, har tambayar ta isa masana'anta. Kasuwa abin da ake tambaya take kawowa. Mun yi ta tambayar kala da fitila da ƙarar ham, an kuwa kawo mana su iri-iri.

Sanin suna yana da wani amfani da ke zuwa daga baya, wato gyara. Masu sana'ar Panteka da suka shekara suna sake naɗa kwayil ɗin fanka da injin ban ruwa da janareta ba za su gagara gyaran wannan ba. Abin da ke ɗaure musu hannu shi ne kayan gyara. Haƙoran giya da na'urorin cikin inji kowane samfuri da girmansa. Idan akwai suna da lamba, ana iya yin oda a kawo daidai. Idan babu, sai dai a yi ta gwaji, ko a ce a sayi sabuwar taya dungurungum. A nan muna ganin akwai aiki a gaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke maƙwabtaka da kasuwar, da kuma mu da muka ɗan zauna a azuzuwanta: a haɗa ilimin aji da hannun Panteka, a kuma rubuta bayanin da Hausa yadda mai saye zai karanta ya gane. Takardun da ke zuwa cikin kwalin da Sinanci ko Turanci suke, idan ma an sako su.

Maƙwabcin namu dai dattijon nan ya sake naɗa masa kwayil da wayar jan ƙarfe, ya canza boris, ya toshe bakin igiyar. Kuɗin aikin ya ci masa wani kaso mai tsoka na albashin wata, kuma an gargaɗe shi cewa maganaɗisun ya riga ya sha zafi, kada ya sa ran ƙarfin da. Yanzu yana hawa shi kaɗai, masara kuma a Keke Napep take zuwa gida. Sitikar 1500W tana nan a gefe bai ɓanɓare ta ba. Ya ce ya bar ta ne don duk wanda ya tsayar da shi yana tambayar inda ya saya, ya durƙusar da shi ya nuna masa ɗayar lambar da ke jikin ƙarfe. A cewarsa mutum uku sun riga sun koma shago da tambayoyinsu.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Amma kafin a sayi nagari sai an san yadda ake gane shi, kuma a wannan haja alamar tana ƙasa, kusa da laka, inda sai an sunkuya ake gani.

Waɗanda ke da keken caji a cikinmu, don Allah ku duba jikin injin tayarku ku rubuto mana abin da kuka gani, da abin da sitika ta ce, da tsawon lokacin da kuka yi kuna hawa. Idan muka tara, wanda zai saya gobe zai sami abin dubawa. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma tsare mana dukiyarmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.